Tsere da Hanta

A watan Afrilun 2015 wata mutuwa ta sauka a garin Ode-Irele na Jihar Ondo, ta rikita kowa. Mutum ya kwana lafiyarsa ƙalau, ya tashi da ciwon kai, kafin la'asar ya ce dishi-dishi yake gani, kafin gari ya sake wayewa ido ya tafi, ya suma, rai ya yi halinsa. Cikin 'yan kwanaki an binne mutum 18. Ebola ba ta daɗe da barin Najeriya ba, don haka nan tsoro ya fara nufa, amma gwaji ya nuna ba ita ba ce. Wasu mutanen gari suka ce fushin Malokun ne, abin bautarsu, wai an keta alfarmarsa. Aka kuma ambaci maganin feshin gona. A ƙarshe bincike ya tsaya kan ogogoro, giyar da ake dafawa a gida, wadda aka tarar da sinadarin metanol a cikinta. Watanni biyu bayan haka irin wannan ta sake aukuwa a Jihar Ribas, mutane gommai suka rasu.

Ban ga laifin waɗanda suka rikice ba. Gubar metanol ba ta shigowa asibiti da sunanta a goshi. Shi ya sa a cikin ayyukan likitan sashen gaggawa, kaɗan ne suke burge ni kamar wannan: ya kalli mutumin da ba ya iya magana, ko wanda ba ya son faɗin gaskiya, a asibitin da babu injin auna gubar, ya gane abin da ke cinsa, ya kuma fara magani tun kafin wani ya tabbatar masa.

Metanol ruwa ne garau. Kamanninsa da warinsa duk irin na etanol ne, wato sinadarin da ke sa maye a cikin giya. Ana samunsa a tina ta masu fenti, da sifirit na masana'antu, da ruwan wanke gilashin mota, da jabun sanitiza. Yana da arha, shi ya sa marasa tsoron Allah ke zuba shi a giya don ta auku. Abin mamakin shi ne, shi kansa metanol ba ya yin ɓarna mai yawa. Idan ya shiga jini, ɗan maye ne kawai yake sawa. Hantar mutum ce ke mayar da shi makashi. A cikinta akwai wani inzayim mai aikin narkar da barasa, likitoci na kiransa ADH. Shi ke juya metanol ya zama fomaldihaid, nan da nan kuma wannan ya zama asid ɗin fomik. Wannan asid ɗin shi ke hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da mutum ya shaƙa, kuma inda ya fi yi wa illa shi ne jijiyar gani da wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa. Cokali biyu na shayi, wato mililita 10 na tsantsarsa, na iya makantar da babban mutum. Mililita 30 na iya kashe shi.

Tunda hanta ce ke yin aikin, kuma a hankali take yi, sai a sami tazarar awa 12 zuwa 24 tsakanin sha da bayyanar ciwo. Wanda ya haɗa da giyar gaske tazararsa ta fi haka tsawo. A cikin waɗannan awoyi mutum yana yawonsa, yana cin abinci, har ya manta ya sha wani abu. Ita wannan tazara ita ce ke yaudarar dangi, ita ce kuma damar likita. Duk gwanintar a nan take: a tare hanta kafin ta gama.

Idan an kawo irin wannan mara lafiya, abin da gwani ke fara kallo shi ne numfashi. Mutumin na jan iska mai zurfi, da sauri, ba tsayawa, amma idan aka sa abin sauraro a ƙirji huhu fes yake, babu kakari, babu ƙarar majina, kuma na'urar da ake maƙalawa a yatsa na nuna iskar jininsa ta wadata. Sabon shiga zai ce asma ce ko ciwon huhu. Wanda ya goge ya san wannan huhu ba shi da laifi, aikin ceto yake yi. Jini ya yi tsami, jiki kuma na ƙoƙarin rage tsamin ta hanyar fitar da iskar kabon da yawa. Irin wannan numfashi ana ganinsa a mai ciwon sukari da ya rikice, da mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, da mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Sai likita ya soki yatsa ya auna sukari. Idan sukari daidai yake, babu zazzaɓi, ga ciwon ciki da amai, ga mutum na cewa hazo ya rufe masa ido, sai ya haska tocila a idon. Ɗan baƙin da ke tsakiya ya buɗe, ba ya tsukewa da haske yadda ya kamata. Daga nan zuciyarsa ta riga ta karkata.

Saura tambaya, kuma a ganina ta fi duk sauran wuya. A ƙasashen da shan giya abin kunya ne ko laifi ne a doka, mutane sun gwammace su mutu da a ji. An ga haka a Turabulus ta Libiya a watan Maris na 2013, inda mutum sama da 1,000 suka sha gurɓatacciyar giya, kimanin 100 suka rasu. An gani a Iran a farkon 2020, lokacin da jita-jita ta bazu cewa barasa na kashe korona, mutum sama da 700 suka mutu cikin makonni kaɗan. Da yawa sun zo asibiti a makare saboda tsoron abin da zai biyo baya. Mu ma nan babu wanda zai ce bai san wannan hali ba. Saurayin da mahaifinsa ke tsaye a kansa da carbi a hannu ba zai taɓa cewa ya sha wani abu ba. Likitan da ya san aikinsa sai ya ce, "Baba, a ɗan ba mu wuri, zan duba shi." Idan ɗaki ya rage su biyu, ya sassauta murya: "Ɗan'uwa, ni ba ɗan sanda ba ne, ba ɗan Hisba ba ne. Abin da ka faɗa mini nan zai tsaya. Jiya ko shekaranjiya me ka sha, kuma ku nawa ne?" Ba wa'azi, ba ɗaure fuska. Wannan tambayar ta ƙarshe, ku nawa ne, za mu dawo kanta.

Injin da ke auna metanol kai tsaye a jini, ko a Turai ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma inda yake, sakamako na iya ɗaukar yini. Don haka likitoci suka koyi kama ɓarawon ta sawunsa, da lissafin da ɗan firamare zai iya. A takardar gwajin gishirin jini akwai sodiyam, da kulorayid, da bikabonet. A haɗa biyun ƙarshe, a cire daga na farko. Ga mai lafiya abin da ke saura bai cika wuce 12 ba. A ce takarda ta nuna sodiyam 140, kulorayid 100, bikabonet 6. Saura 34. Wannan giɓi na nufin akwai wani asid a jinin da takardar ba ta ambaci sunansa ba. Akwai lissafi na biyu: a auna kaurin jini da na'ura, wato yawan abubuwan da suka narke a cikinsa, sannan a lissafa abin da ya kamata ya kasance daga sodiyam da sukari da yuriya. Idan na'ura ta fi lissafi da sama da 10, musamman idan ta fi da 25 ko 30, akwai baƙon ruwa a jinin.

Inda gwaninta ke fitowa shi ne sanin cewa waɗannan giɓi biyu ba sa hawa tare. Da farko, metanol na nan yadda aka sha shi: giɓin kauri ya yi sama, jini bai yi tsami ba tukuna. Yayin da hanta ke aikinta, giɓin kauri na sauka, giɓin asid na hawa. A ƙarshe metanol ya ƙare, asid ya cika jini, giɓin kauri ya koma daidai. Wanda bai fahimci haka ba zai ga lamba ɗaya daidai ya ce ba guba, alhali ko dai bala'in bai fara ba, ko kuwa ya riga ya kai ƙarshe. Gwani na karanta lambobin biyu ya gane ƙarfe nawa ne a jikin mara lafiyar, ko da shi mara lafiyar ya ƙi faɗa.

Maganin kuwa, wanda ya fara jinsa sai ya riƙe baki. Ka ɗauki inzayim ɗin nan kamar mai injin niƙa guda ɗaya a unguwa, wanda ke da wata kwastoma da yake fifitawa: muddin tana nan da kwanonta, kowa sai ya jira. Wannan kwastoma ita ce etanol. ADH ya fi son etanol a kan metanol da ninki goma ko fiye. Idan aka cika jini da etanol, metanol zai tsaya a layi ba a taɓa shi ba, ya riƙa fita kaɗan-kaɗan ta numfashi da fitsari. Wani likitan ido ɗan ƙasar Norwe, Oluf Røe, ya lura tun a shekarun 1940 cewa waɗanda suka haɗa metanol da giyar gaske sun fi tsira da idanunsu, ya kuma ba da shawarar a riƙa ba da etanol tare da maganin kashe tsamin jini. A 1951 a birnin Atlanta na Amurka, mutum 323 suka sha gurɓatacciyar giya, 41 suka mutu, kuma abin da likitoci suka rubuta daga wannan annoba ya ƙara tabbatar da cewa tsamin jini ne ke kisa.

Asibitoci masu hali suna da etanol na magani da ake sawa ta jijiya cikin ƙarin ruwa. Inda babu, ana zura shi ta robar hanci zuwa ciki. A ƙarshen 2018, a wani asibitin lardin Quang Tri na ƙasar Biyetnam, likitoci sun ɗura wa wani mutum gwangwani 15 na giya ta roba, kaɗan-kaɗan cikin awoyi, yayin da ake wanke masa jini, ya kuma tashi. Jaridun duniya suka mai da abin labarin ban dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Mutane ne suka san yadda hanta ke aiki, suka duba abin da ke hannunsu. Amma kada wani ya ji wannan ya ce zai gwada a gida. Riƙe etanol a jini daidai gwargwado, tsakanin miligiram 100 zuwa 150 a kowace desilita, aiki ne mai cin rai. Idan ya yi ƙasa, hanta ta koma kan guba. Idan ya yi sama, numfashi ya raunana. Yana faɗar da sukarin jini, musamman ga yara, don haka nas ba ta barin gefen gadon, ana auna jini kusan kowace awa ɗaya ko biyu, kuma mara lafiyar na cikin maye na kwanaki, yana fizge roba yana faɗa.

Saboda wannan wahala aka nemi wani abin da zai toshe inzayim ɗin ba tare da maye ba, aka samu fomefizol. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997 don gubar etilin gilaikol, wani ɗan'uwan metanol da za mu zo kansa, sannan a 2000 don metanol, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin muhimman magunguna. Ana fara shi da miligiram 15 a kowane kilo na nauyin mutum, sannan miligiram 10 a kowane kilo duk bayan awa 12. Ba maye, ba auna jini kowace awa. Ga Musulmin da zuciyarsa ba ta kwanta da etanol ba ko da a matsayin magani na larura, wannan ya raba gardama. Matsalarsa kuɗi: kwalba ɗaya ta taɓa kai wajen dala 1,000 a Amurka. Ƙasashen da suka fi buƙatarsa su ne suka fi rashinsa.

Toshe hanta na hana sabuwar ɓarna ne kawai, ba ya kwashe asid ɗin da ya riga ya taru. Don haka ana zuba sodiyam bikabonet ta jijiya, sinadarin da ke cikin kanwa amma tatacce na asibiti, kuma ba a yi masa rowa. Rage tsamin jini na hana asid ɗin fomik kutsawa cikin jijiyar gani, yana kuma taimaka wa ƙoda ta fitar da shi. Ana ƙarawa da sinadarin folik ko ɗan'uwansa folinik, wanda ke taimaka wa jiki ya narkar da asid ɗin ya zama ruwa da iska. Wankin ciki da ba da gawayin asibiti, waɗanda dangi kan roƙa a yi, ba su da amfani a nan: hanji ya tsotse gubar cikin awa guda, gawayi kuma ba ya kama ta. Madara da manja ma haka.

Sai babbar shawara: wa za a kai injin wankin ƙoda? Injin na kwashe metanol da asid ɗinsa gaba ɗaya. Idan an toshe hanta kawai, metanol kan ɗauki kwana biyu ko fiye kafin rabinsa ya fita. A kan injin, awa uku ne ko ƙasa. Wanda ido ya fara tafiya, ko ya suma, ko yana jijjiga, ko tsami ya yi yawa har ma'aunin jininsa ya faɗi zuwa 7.15 ko ƙasa, ba a jira da shi. Kuma injin ba ya bambancewa, yana kwashe maganin tare da gubar, don haka dole a ƙara yawan etanol, ko a riƙa ba da fomefizol duk bayan awa 4.

Akwai wani tarko da ya kashe mutane a hannun masu kyakkyawar niyya. Mara lafiya ya gaji, hankalinsa na gushewa, sai a yanke shawarar zura masa robar numfashi a haɗa shi da injin. Wannan numfashi mai zurfi da yake ta ja shi ne kaɗai ke riƙe da ransa. Idan aka ba shi maganin barci numfashin ya tsaya na minti biyu, ko aka saita injin a kan numfashin mai lafiya, iskar kabon ta taru, tsami ya yi tsalle, zuciya ta tsaya. Gwani kan zuba bikabonet tukuna, ya sa wanda hannunsa ya fi sauri ya zura robar, sannan ya saita injin ya yi ta hura iska da irin saurin da mara lafiyar ke yi da kansa. A littafi layi ɗaya ne. A gefen gado, da ƙarfe uku na dare, shi ne bambancin wanda ya karanta da wanda ya iya.

Ba mashaya kaɗai wannan ilimi ya shafa ba, kuma nan ne ya fi taɓa mu. Metanol na da 'yan'uwa biyu, etilin gilaikol da ke cikin ruwan sanyaya injin mota, da dayetilin gilaikol da ake samu a man birki da kayan masana'antu. Dukansu suna da zaƙi, kuma inzayim ɗaya ne ke mayar da su guba, sai dai su ƙoda suke kamawa. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin salfa a cikin dayetilin gilaikol, mutum sama da 100 suka mutu, abin da ya haifar da dokar magunguna ta 1938. A 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jos bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da shi. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara 84 a Najeriya, ciki har da na Zariya. A 2022 aka rasa yara kimanin 70 a Gambiya saboda magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya, a Indonesiya kuma sama da 200, har gwamnatin ƙasar ta nemo fomefizol daga waje cikin gaggawa.

A irin wannan, yaro ne ɗan shekara ɗaya ko biyu, ya yi zazzaɓi, an ba shi magani, ya yi amai, sannan uwa ta lura kwana biyu ba ta canza masa tsumma ba domin bai yi fitsari ba. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa ma suna kashe ƙodar yara, saboda haka yaro ɗaya ba ya tada hankalin kowa. Likitar da ta ga na uku a mako guda ta tsaya ta ce, "Maman yaro, wane magani kika ba shi kafin ku zo? A aika gida a kawo mini kwalbar, ko da ta ƙare," ita ce ke gano annoba. Ba ta da wata na'ura ta musamman. Ta dai riƙe yaran baya a ranta, ta kuma tambayi abin da ba a saba tambaya ba.

Ba kowace barasar masana'anta ake yi wa wannan magani ba. Aisofurofanol, wanda ke cikin yawancin sifirit na goge fata, yana sa maye mai nauyi amma hanta na mayar da shi asiton ne, ba asid ba. Toshe hanta a nan tsawaita mayen kawai zai yi. Jinin da bai yi tsami ba bayan awoyi da yawa, da warin asiton a baki, su ke gaya wa likita ya ajiye maganinsa mai tsada.

Yanzu mu koma kan "ku nawa ne". Ba a cika sayar da gurɓatacciyar giya ga mutum ɗaya ba. Wanda ya fara isowa asibiti ɗan aike ne; a bayansa akwai waɗanda suka sha daga jarka ɗaya, suna gida suna jin garau, hantarsu na aiki. Su ne suka fi sauƙin ceto, domin idan aka toshe inzayim kafin jini ya yi tsami, mutum na iya tashi ba tare da ko tabo ba. Don haka likita na sa robar ƙarin ruwa da hannu ɗaya, da ɗayan yana kiran hukumar lafiya, yana roƙon aboki ya je ya kwaso sauran. A Jamhuriyar Cek a watan Satumban 2012, da mutane suka fara mutuwa, gwamnati ta hana sayar da duk giyar da ƙarfinta ya wuce kashi 20 cikin 100, ma'aikatan motar asibiti kuma suka riƙa ba waɗanda ake zargi etanol tun a hanya. Binciken da likita Sergey Zakharov da abokan aikinsa suka yi a Prague ya nuna waɗanda suka samu haka sun fi tsira, kuma sun fi tsira da idanunsu.

Idan mutum 40 suka zo dare ɗaya kuma injin wankin ƙoda biyu ne, dole a zaɓa. Likitocin asibitin jami'ar Oslo, musamman Knut Erik Hovda, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, sun je Libiya a 2013 da Kenya a 2014 suna koyar da yadda ake wannan rabo da abin da ke ƙasa: a ƙirga numfashi, a duba hankali, a tambayi gani. Mai tafiya da ƙafarsa, numfashinsa daidai, a ba shi maganin toshe hanta a sa masa ido. Mai haki amma yana magana, a haɗa masa da bikabonet, shi ne kuma injin zai fi yi wa amfani. Fomefizol ɗin da ke akwai a ajiye wa masu tsanani da yara da masu juna biyu, sauran a ba su etanol. Ana juya marasa lafiya a kan injin awa shida zuwa takwas kowanne, ana sauke wannan ana ɗora wancan. Hovda da abokansa sun kuma ƙirƙiro wani ɗan tsinken gwaji, irin na auna sukari, wanda ɗigon jini ɗaya ke nuna ko akwai asid ɗin fomik cikin 'yan mintuna, domin asibitin ƙauye da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje.